Minti Ɗaya na Shiru a Shagon Baba

Kwana biyu cur Dogo ya yi yana aiki a shagon Baba bai ce uffan ba. Saura kwana ɗaya.

Abin da Auta ta yi ta nanata wa kanta ke nan tun da gari ya waye, tana cusa batura da wayoyi a jaka. Sau uku tana zuge jakar tana sake buɗewa, ta rasa abin da take nema.

Shekararta ta ƙarshe ke nan a jami'a, sashen koyon fim da talabijin. Aikin kammala karatu shi ne kowane ɗalibi ya yi gajeren fim na gaskiya a kan wani mai sana'a. Ita ba ta je da nisa ba, ta zaɓi mahaifinta, wanda ya shekara talatin da huɗu yana gyaran rediyo a shago guda. Malam da kansa ya raba ɗalibai uku-uku, ya liƙa sunaye a allo. Mai ba da umarni, Auta. Mai kamara, ƙawarta da ake kira Aku saboda surutu. Mai ɗaukar sauti, Dogo.

Ranar da ta ga sunan nan, sai da ta dafa bango.

Ta bi Malam har ofis tana roƙo ya canza mata. Ko ɗago kai bai yi ba. "A bakin aiki ba ke za ki zaɓi abokin aiki ba," in ji shi. "In na canza miki, sai na canza wa mutum sittin. Ja min ƙofar."

Ina Malam zai sani? Dogon nan shi ne wanda take so tun suna aji biyu, kuma shi ne wanda Baba ya kora wata biyar da suka wuce. Lokacin hutu ne, Dogo ya bi wasu masu fim aiki can nesa, ɗoki ya ɗebe shi, ya kasa haƙurin dawowa, ya kira Baba a waya wai yana neman izinin zuwa gaisuwa. Kai, yarinta! Minti huɗu suka yi, Baba ya kashe wayar, ya kira Auta ya zaunar da ita.

"Karatun fim na bar ki ki yi ne saboda mahaifiyarki ta roƙe ni kafin ta rasu. Amma ɗan fim ba zai sake ɗaukar min 'ya ba. Ranar da na sake jin kina tare da yaron nan, ranar za ki bar makarantar nan. Ba na maimaita magana."

Baba bai taɓa ganin fuskar Dogo ba. Muryarsa kawai ya ji. To, nan fa tashin hankalin yake, domin kunnen Baba ba irin na mutane ba ne. Tun daga bakin ƙofa yake jin kukan rediyo ya faɗa maka abin da ya ƙone a ciki. Akwai wanda ya dawo shagon bayan shekara ashirin, yana yin sallama daga waje Baba ya ce, "A'a, mai ƙaramar baƙar rediyon nan da hannunta ya karye!"

Aku ce ta kawo dabara. A ce mura ta shaƙe wa mai ɗaukar sauti murya, ko gaisuwa sai da hannu. Kwana uku ne kawai, a gama, Baba ya sa hannu a takardar amincewa, kowa ya kama gabansa. Takardar nan ita ce komai. Dokar sashen ce, duk fim ɗin da wanda aka ɗauka bai sa hannu ya yarda ba, ba a karɓarsa. Baba kuwa ya ce shi ba ya sa hannu a kan abin da ba a gama ba, sai ranar ƙarshe.

Yau ce ranar ƙarshen.

"Auta."

Ta zabura. Yayarta ce tsaye a bakin ƙofar ɗaki, da goyo a baya, ɗayan yaron kuma riƙe da zanenta. Ita ce wadda ta auri wani mai kamara ɗan fim shekara bakwai da suka wuce. Ya yi ta tafiya aiki, wata ɗaya, wata uku, har tafiyar da bai dawo ba sai takardar saki da ta iso.

Yaya ta turo ƙofar ta rufe. "Dogon yaron nan mai sandar makirufo, da na gani jiya da na kai wa Baba abinci. Shi ne, ko?"

"Wa... wane shi?"

"Kar ki raina min hankali. Na ga hotonsa a wayarki tun bara."

Auta ta zauna a bakin gado. "Yaya, don Allah, don girman Allah. Ba ni na zaɓe shi ba, Malam ne ya haɗa mu. Yau kaɗai ta rage."

"Kin san abin da kike wasa da shi kuwa? Shekara huɗu, Auta! Kin manta yadda kike fita ba karin kumallo? Kin manta dariyar da dangi suka yi mana, wai an tura yarinya jami'a koyon kallon talabijin?" Idanun Yaya suka cika. "Dube ni da kyau. Ni ma haka na riƙa rawar jiki. Ni ma na ce nawa daban ne."

"Shi ba haka yake ba."

"Haka na ce." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ga Mai Kemis nan, mutum kamili, kullum yana wuri ɗaya, ana buɗe kanti an san inda yake, ana rufewa an san inda yake. Shekara guda yana binki, Baba bai tilasta miki ba, amma kin san inda zuciyarsa take. Yau ma da ƙarfe huɗu zai kai wa Baba maganin hawan jini shago. Me ya rasa?"

"Bai rasa komai ba, Yaya. Ni ce ba na son sa."

Yaya ta daɗe tana kallonta. "Ba zan faɗa ba. Amma wallahi in Baba ya tambaye ni, ba zan yi masa ƙarya ba. Ni na riga na karya masa zuciya sau ɗaya."

Ta fita ta bar ta da kuka.

* * *

A bayan wani rufaffen shagon ɗinki, layi ɗaya kafin a kai na Baba, nan suke haɗuwa kowace safiya. Nan ne kaɗai Dogo ke da baki.

Yana tsaye da doguwar sandar makirufo a kafaɗa, na'urar ɗaukar sauti rataye a ƙirjinsa. Aku na gefe tana gadin hanya, tana cin gyaɗa.

"Kin yi kuka," ya ce.

"Yaya ta gane ka."

Ya sauke sandar a hankali. "Auta, bari in faɗa masa gaskiya yau. Da bakina. Kin san jiya me ya yi? Ya haɗa min ruwan ɗumi da zuma, ya tsaya a kaina sai da na shanye. Ya ce Allah ya ba ni lafiya. Da ƙyar na haɗiye abin nan, wallahi kamar ƙaya."

"A'a! Ka rufa min asiri."

"Ya fara so na fa. Kin ga yadda ya tsaya yana kallona ina naɗe waya? Ya ce wa Aku, yaron nan ya san darajar kayan aiki."

"Mai mura yake so, ba kai ba!" Hawaye suka sake zubo mata. "Ba ka san Baba ba. In ya ce abu, ko shi kansa ba ya iya janyewa. Ka bari ya sa hannu. Ka bari in gama. In na fito da takardar digirina, zan durƙusa gabansa in roƙe shi, ko shekara nawa zai ɗauka. Amma yau, don Allah, ko tari kar ka yi."

"Ko atishawa," in ji Aku daga gefe. "In ta zo maka, haɗiye ta. Ku taho, amarya da... au, ku dai taho, rana na yi."

Dogo ya ɗan yi murmushi, amma bai kai ido ba. "Na yi miki alkawari. Ba zai ji muryata ba."

* * *

Shagon Baba ɗan ƙarami ne, mutum huɗu sun cika shi. Rediyoyi jere a kan katako har rufi, wasu da murfi, wasu hanjinsu a waje, kowace da 'yar takarda a ɗaure. Tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, gwangwanayen madara cike da ƙananan kusoshi, ƙarfen narka dalma a kan mazauninsa yana fitar da siririn hayaƙi. A bango akwai tsohon agogo mai ƙara.

Baba ya sa sabuwar riga saboda ranar ƙarshe. Ya amsa gaisuwar Auta da ta Aku, ya dubi Dogo da ya rusuna da hannu a ƙirji.

"Ya jikin, samari? Har yanzu muryar ba ta buɗe ba?"

Dogo ya girgiza kai.

"Allah ya sauwaƙe. Mura ce mai naci."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Aka fara aiki. Aku ta kafa kamara, ita ke kiran lambar kowace fitowa da ƙarfi tunda mai sauti ba shi da murya. Dogo ya tsaya a lungu, abin sauraro a kunnuwansa, ya ɗaga sanda sama da kan Baba. Suka ɗauki hannuwan Baba yana kwance wata tsohuwar rediyo. Suka ɗauke shi yana hura ƙura, yana ɗiga dalma, yana murɗa maɓalli har murya ta fito daga cikin shuuu, ya ɗago yana dariya kamar yaro.

Duk bayan an gama ɗauka a wuri ɗaya, akwai abin da suke yi wanda Baba ya fi so. Sai a kashe komai, kowa ya tsaya cik na minti ɗaya, a ɗauki shirun ɗakin. Ranar farko Baba ya yi dariya, ya ce yau ga masu ɗaukar babu. Auta ta yi masa bayani cewa kowane ɗaki da irin shirunsa, kuma in ta zo haɗa fim, da shirun nan take cike tsakanin magana da magana, in babu shi sai a riƙa jin aikin yana tsalle. Wanda duk ya yi motsi a cikin mintin, sai a sake daga farko. Tun daga ranar Baba da kansa yake tashi ya kashe rediyoyinsa, ya harɗe hannu, ya rufe ido. A cikin mintin nan ne kaɗai ita da Dogo ke samun kallon juna.

Wajen ƙarfe uku suka zo hira ta ƙarshe. Auta ta zauna gefen kamara da takardar tambayoyi a cinya.

"Baba, me ya sa ka tsaya a kan rediyo, ba ka koma gyaran talabijin ba kamar sauran?"

Baba ya gyara tabarau. "Na gwada. Ban ji daɗinta ba. Talabijin tana cika wa mutum ido har ya manta da kunnensa. Ni kuwa a rayuwata fuska ta sha cutata. Mutum ya zo da fara'a, da ladabi, ka ɗauki abin da ka fi so ka ba shi." Auta ta san yayarta yake tunawa. "Amma murya ba ta taɓa yi min ƙarya ba. In na ji mutum sau ɗaya, na ajiye shi ke nan."

Takardar cinyarta ta jiƙe da gumin hannunta. Ta kasa karanta tambaya ta gaba.

"Shi ke nan, an gama," ta ce da ƙyar. "Mun gode, Baba."

"Alhamdu lillahi!" Aku ta ce, har da tafi. Ta zaro takardar amincewa daga jaka ta shimfiɗa a tebur, ta ɗora biro a kai. "Saura sa hannun babban jarumi."

Baba ya ɗauki biron. Auta ta daina numfashi. Ya karanta layin farko, ya karanta na biyu, bakin biron ya kusa taɓa takarda.

Sai ya ajiye.

"Af, kafin nan. Shekara talatin da huɗu ina gyara wa mutane muryoyin wasu, ban taɓa jin tawa ba. Samari, ɗan sa min abin nan a kunne in ji yadda nake."

Dogo ya dubi Auta. Ta yi saurin lissafi a ranta. Muryar Baba ce a ciki, sai tata, sai ta Aku. Me zai faru? Ƙin yarda ma shi zai jawo tambaya. Ta gyaɗa kai.

Dogo ya cire abin sauraron ya sa wa Baba a kunne da ladabi, ya koma farkon hirar, ya danna.

A daidai lokacin da yatsansa ya bar maɓallin, Auta ta ga fuskarsa ta canza. Idanunsa suka fito. Ya kai hannu da sauri zai kashe.

Baba ya riƙe masa hannu.

Abin da Auta ba ta sani ba, domin ba ta zauna ta saurari komai ba tukuna, shi ne wannan. Tun suna aji ɗaya aka horar da masu ɗaukar sauti cewa kafin kowace ɗauka, su sauko da makirufo bakinsu su faɗi lambarta, don kar a ruɗe wajen haɗawa. Malam har maki yake ragewa a kai. Shekara huɗu Dogo na yi, abin ya bi jikinsa, ba ya ma sanin ya yi. Kwana ukun nan yana yi cikin raɗa, raɗar da ko wanda ke kusa da shi ba ya ji. Amma makirufo ba ruwansa da raɗa. A cikin abin sauraro, kamar a kunnenka mutum yake magana.

Baba ya saki hannun Dogo. Ya jawo na'urar gabansa, ya duba maɓallan, ya mayar baya da kansa. Ya saurara. Ya sake mayarwa. Ya saurara, ido a rufe.

Sau uku.

Sannan ya cire abin sauraron ya ajiye a tebur a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

"Fitowa ta tara," ya ce, "ɗauka ta biyu."

Ba wanda ya motsa. Aku, wadda ba a taɓa jin bakinta ya mutu ba, ta toshe shi da hannu biyu.

"Ranar Talata ce ka kira ni," Baba ya ci gaba, yana kallon tebur. "An ɗauke wuta, ina zaune a nan. Ka ce min kana wajen aiki, akwai janareta na kuka a bayanka. Kana jan ƙarshen magana kamar mai jin kunya." Ya ɗago. "Murar ta warke ke nan?"

Dogo ya jingine sandar, ya durƙusa har ƙasa. "Ni ne, Baba."

"Kar ka kira ni Baba."

"Ka gafarce ni. Ba da niyyar raini..."

"Na ba ka zuma." Muryar Baba ta yi ƙasa sosai, abin da ya fi tsawa ban tsoro. "Da hannuna na dama. Na koma gida ina cewa, yaron kirki, Allah ya ba shi lafiya. Ashe dariya kuke min."

"Wallahi ba dariya, Baba!" Auta ta zube gabansa, ta kama gefen rigarsa. "Malam ne ya haɗa mu, na roƙe shi ya ƙi. Tsoro na ji. Laifina ne, ni na hana shi magana, ko yau da safe ya ce zai faɗa maka gaskiya na hana shi. Ni ce, Baba, ni ce!"

"Ko yau da safe," in ji Baba. "Wato kuna haɗuwa."

Ta gane abin da bakinta ya yi, ta fashe da kuka.

"Na buɗe miki shagona. Na buɗe miki cikina, na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, saboda 'yata ce ke tambaya. Kin zaunar da ni gaban kamara kina min wasan kwaikwayo. To, kin iya. Makarantar ta koyar da ke."

"Baba, ka yafe min..."

"Me na ce miki zai faru ranar da na ji?"

Ta sunkuyar da kai.

"Me na ce?"

"Zan... zan bar makaranta."

"Saura kwana nawa ki miƙa aikin nan?"

"Sha biyu."

Baba ya cire tabarau ya murza idanunsa. Agogon bango na ta bugawa.

"Shekara huɗu ba wasa ba ce," ya ce a ƙarshe. "Kuma na yi wa mahaifiyarki alkawari. Ƙofa ɗaya zan bari." Ya tura na'urar gaban Dogo da yatsa. "Kai. Kunna abinka. Ka faɗa a ciki, da muryar nan taka mai lafiya, cewa ka fita daga harkar 'yata. Ba kira, ba saƙo, ba aike, har abada. A ba ni in ajiye. In ka faɗa, in sa hannu, ta gama karatunta. In ba ka faɗa ba, ku kwashe kayanku, ita kuma ta wuce gida, ta gama jami'a ke nan."

"Dogo, kar ka..." Auta ta fara.

"Ba da ke nake ba," in ji Baba.

Dogo ya miƙe. Ya dubi takardar, ya dubi Auta. Shi ya san daren da ta kwana tana rubuta tsarin fim ɗin nan, ya san yadda ta faɗi jarrabawar haske ta sake, ya san ba ta da wani buri da ya wuce ranar da za a haska aikinta a babban ɗakin sashen, Baba na zaune a layin gaba. Ya rataya na'urar da abin sauraron a wuya, ya sauko da makirufo bakinsa. Jar fitila ta kama.

"Fitowa ta ƙarshe," ya ce, wannan karon da ƙarfi. "Ɗauka ta ɗaya."

Ya dubi Baba.

"Ni ne wanda ya kira ka ranar Talata. Ina son 'yarka, ban taɓa son kowa ba sai ita, wannan ba zan iya cewa ƙarya ne ba. Amma na yi alkawari, daga yau na fita daga harkarta. Ba kira, ba saƙo, ba aike." Muryarsa ta karye. "Har abada. Allah ya ba ta wanda ya fi ni."

Auta ta kifa kai a gwiwa. Kukan ma ya ƙi fita.

Ta ji ƙarar biro a kan takarda. Baba ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata, ya miƙo mata. Ta karɓa don ba ta san abin da za ta yi ba. Abin da ta kwana uku tana mafarki ke nan, ga shi a hannunta, ko nauyi babu.

"Ku tattara," in ji Baba.

Dogo ya goge fuska da hannun riga. "Saura abu ɗaya, ranka ya daɗe. Ba mu ɗauki shirun yau ba. In babu shi, ba za ta iya haɗa hirar nan ba. Minti ɗaya ne. Shi ne na ƙarshe da zan yi mata."

Baba ya dube shi, dogon kallo. Sannan ya miƙa hannu ya kashe 'yar rediyon da ke raɗa a kan katako. Ya harɗe hannu. Yau bai rufe ido ba.

Dogo ya ɗaga sanda. Shagon ya yi tsit.

Auta ta miƙe tsaye, idonta a kan agogo. Daƙiƙa goma. Ta saci kallon Dogo, shi kuwa ya kafe idonsa a kan na'ura, ya riga ya fara cika alkawari. Ashirin. Nan da minti ɗaya zai naɗe wayarsa yadda Baba ke so, ya fita, shi ke nan. Ita kuma ta zauna kwana goma sha biyu a ɗakin haɗa fim da abin sauraro a kunne, tana jin raɗarsa a farkon kowace ɗauka.

Talatin. A waje mota ta tsaya, aka kashe inji, aka rufe ƙofa. Ta san ƙarar motar. Ƙarfe huɗu ta yi.

Arba'in.

Duk rayuwarta ba ta taɓa mayar wa Baba magana ba.

"Baba."

Aku ta zaro ido. Dogo ya ɗago a firgice, ya kai yatsa zai kashe.

"Kar ka kashe," ta ce. Muryarta na rawa, amma ta fita. Ta taka zuwa tebur, ta ajiye takardar gaban mahaifinta, dab da ƙarfen narka dalma da ke hayaƙi. "Shi ka tambaya, ya ba ka amsa. Ni ba ka tambaye ni ba. A ɗauki tawa, in ka ji, sai ka yi yadda ka ga dama da takardar."

Daga bakin ƙofa Mai Kemis ya yi sallama, da ledar magani a hannu. Ba wanda ya amsa.

Baba ya dubi takardar, ya dubi ƙarfen, ya dubi 'yarsa. A hankali ya miƙa hannu ya zare abin sauraron daga wuyan Dogo, ya ɗora a kunnuwansa, ya gyara shi sosai.

"Matso da makirufon kusa da ita," ya ce. "Ina so in ji da kyau."